Zaɓen Majalisar Dokokin Koriya ta Kudu na 2028: Yadda Ake Yinsa da Abin da Ya Rataya a Kansa

Gabatarwa

A watan Afrilu na shekarar 2028, in Allah ya kai mu, mutanen Koriya ta Kudu za su fita su zaɓi wakilan Majalisar Dokokinsu ta ƙasa karo na 23. Dokar zaɓen ƙasar ta tanadi a yi shi ranar Laraba ta farko daga kwana na 50 kafin ƙarewar wa'adin majalisa mai ci. Da yake wa'adin majalisa ta 22 ya soma ran 30 ga Mayu 2024, zai kuma ƙare ran 29 ga Mayu 2028, lissafi ya faɗa a kan Laraba, 12 ga Afrilu. Shugaban ƙasa ba shi da ikon rushe majalisa, saboda haka ba a sa ran wannan lokaci ya gusa don son ran wani.

Mai karatu na iya tambaya, mene ne na damuwa da zaɓen 'yan majalisa a ƙasar da shugaba ne ke riƙe da ragamar mulki? Amsar tana cikin abin da ya auku daren 3 ga Disamba 2024, sa'ad da shugaban ƙasar ya ayyana dokar soja, wakilan da aka zaɓa wata takwas kafin nan suka warware ta kafin gari ya waye. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalin majalisar, da ikonta, da yadda ake zaɓenta, da kuma abubuwan da za su rataya a kan zaɓe mai zuwa.

Taƙaitaccen Tarihi

Japan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945. Da aka ci ta a Yaƙin Duniya na Biyu, sai sojojin Tarayyar Sobiyet suka mamaye arewacin ƙasar, na Amurka kuma suka mamaye kudu. Ran 10 ga Mayu 1948 aka yi zaɓen farko a kudu kaɗai, a gaban wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya. Majalisar da aka zaɓa ita ta rubuta tsarin mulki, ita ce kuma ta zaɓi Syngman Rhee ya zama shugaba na farko. Shekara biyu bayan haka yaƙi ya ɓarke tsakanin kudu da arewa, aka gwabza daga 1950 zuwa 1953, aka tsagaita wuta ba tare da an ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Daga nan har kusan shekara 40 majalisar ba ta samu sakewa ba. Rhee ya yi maguɗi a zaɓen Maris 1960, ɗalibai suka fito kan tituna a watan Afrilu, ala tilas ya sauka. Gwamnatin farar hula da ta biyo baya ba ta cika shekara ba, Janar Park Chung-hee ya kifar da ita ran 16 ga Mayu 1961. A watan Oktoba 1972 Park ya ayyana dokar soja, ya rushe majalisa, ya kawo sabon tsarin mulki mai suna Yushin, wanda ya ba shi damar gabatar da sunayen kashi ɗaya cikin uku na wakilai da kansa. Watau tun ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba, sulusin kujeru yana aljihunsa. An harbe Park a watan Oktoba 1979, Janar Chun Doo-hwan ya ƙwace iko, ya faɗaɗa dokar soja a watan Mayu 1980, sojoji suka rufe majalisa, suka kuma murƙushe mutanen birnin Gwangju da suka tashi tsaye, aka zubar da jini mai yawa.

A watan Yuni 1987 zanga-zanga ta game ƙasa, har mahukunta suka sakko. Aka rubuta tsarin mulkin da ake aiki da shi, jama'a suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama cikin Oktoba na wannan shekara. Waɗanda suka rubuta shi sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun sojoji, don haka suka sa shugaba ya yi wa'adi ɗaya tak na shekara biyar, suka cire masa ikon rushe majalisa, suka kuma ba majalisa makaman da za ta taka masa burki. A zaɓen Afrilu 1988, na farko a ƙarƙashin sabon tsari, jam'iyyar gwamnati ta samu kujera 125 kacal cikin 299, ta rasa rinjaye.

Ikon Majalisa

Majalisar Koriya ta Kudu zaure ɗaya ce, ba ta da dattawa da wakilai daban-daban. Tana da kujeru 300, wa'adinta shekara huɗu, mazauninta kuwa yana tsibirin Yeouido da ke cikin kogin Han a birnin Seoul. Ita ke yin doka, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, sai da yardarta ake naɗa Firayim Minista, sa'an nan kowace shekara takan kira ma'aikatu da hukumomi ta bi diddigin ayyukansu. Duk mai son fahimtar siyasar ƙasar sai ya riƙe lambobi uku a ransa.

Ta farko ita ce 151, watau rinjayen dukkan wakilai. Sashe na 77 na tsarin mulki ya ce idan wannan adadi ya nemi a janye dokar soja, dole ne shugaba ya bi.

Ta biyu ita ce 180, watau kashi uku cikin biyar. Wata doka ta 2012, wadda aka yi don a daina kokawa da damben da aka saba gani a zauren majalisa, ta sa wannan adadi ne ke iya ɗora ƙudurin doka a kan hanyar gaggawa, shi ne kuma ke iya katse dogon jawabin da marasa rinjaye kan yi don su ɓata lokaci.

Ta uku ita ce 200, watau kashi biyu cikin uku. Da ita ake tsige shugaban ƙasa, da ita ake zartar da gyaran tsarin mulki kafin a miƙa wa jama'a su yi ƙuri'ar raba gardama, mai ita kuma ya fi ƙarfin shugaba idan ya hau kujerar na-ƙi a kan wata doka. Amma fa tsigewar majalisa ba ita ce ƙarshen magana ba. Sai Kotun Tsarin Mulki mai alƙalai tara ta zauna, shida daga cikinsu su amince, kana shugaba ya sauka. An bi wannan hanya sau uku. A 2004 majalisa ta tsige Roh Moo-hyun, kotu ta mayar da shi kan kujerarsa. A Disamba 2016 ta tsige Park Geun-hye, 'yar Janar Park, da ƙuri'a 234, kotu ta tabbatar a Maris 2017. Na uku za mu zo kansa a gaba.

Yadda Ake Zaɓen

Duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 yana da ikon jefa ƙuri'a tun daga zaɓen 2020, an kuma sauko da shekarun tsayawa takara daga 25 zuwa 18 a farkon 2022. Tun daga 2004 kowane mai zaɓe takarda biyu ake ba shi. A ta farko zai zaɓi mutum guda da zai wakilci mazaɓarsa, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce. A ta biyu kuwa jam'iyya zai zaɓa, a raba sauran kujeru gwargwadon abin da kowace ta samu a faɗin ƙasa, waɗanda za mu kira kujerun rabo. A 2024 kujerun mazaɓu 254 ne, na rabo 46. Ƙa'idar da aka bi a zaɓen ita ce jam'iyya ba ta shiga rabo sai ta samu kashi 3 cikin ɗari na ƙuri'un jam'iyyu, ko ta ci mazaɓu biyar. Dole ne kuma rabin sunayen da jam'iyya ta jera don kujerun rabo su zama na mata, a ba su lamba ta ɗaya da ta uku da ta biyar, haka har ƙarshe. Duk da haka mata 60 ne suka shiga majalisa a 2024, watau ɗaya cikin biyar, wannan ma shi ne adadi mafi yawa da aka samu zuwa lokacin.

Hukumar Zaɓe ta Ƙasa tana da wakilai tara: shugaban ƙasa ya naɗa uku, majalisa ta zaɓi uku, Babban Jojin ƙasa ya gabatar da uku. Yaƙin neman zaɓe na hukuma kwana 13 ne kurum. An hana bi gida-gida don neman ƙuri'a, an hana buga sakamakon sabon binciken ra'ayin jama'a a kwana shida na ƙarshe, mai zaɓen da ya karɓi kuɗi ko ya ci abincin ɗan takara kuwa ana iya cin sa tarar da ta ninka abin da ya karɓa sau 10 har zuwa 50. Ɗan takarar da ya samu kashi 15 cikin ɗari hukuma na mayar masa da kuɗin da ya kashe bisa ƙa'ida, wanda ya samu kashi 10 a mayar masa da rabi. Ranar zaɓe ranar hutu ce, akwai kuma kwana biyu na zaɓen wuri inda mutum zai iya jefa ƙuri'a a kowace rumfa ta ƙasar, ko da ya yi nisa da garinsu. Ba da alƙalami ake yin alama ba, akwai wani ɗan hatimi mai jan tawada da ake ajiyewa a kowace rumfa. Saukin nan ya taimaka wajen fitowar jama'a: kashi 66.2 cikin ɗari a 2020, ana tsakiyar annobar korona, da kashi 67 a 2024, wanda ba a ga irinsa a zaɓen majalisa ba tun 1992.

Jam'iyyun Jeka-na-yi-ka

Babban aibin wannan tsari shi ne yakan kumbura babbar jam'iyya, ya tsuke ƙarama. Don a rage haka, a watan Disamba 2019 aka gyara dokar rabo. Sabuwar ƙa'ida ta ce a duba kujerun da suka cancanci jam'iyya cikin 300 bisa ƙuri'unta, a ɗebe waɗanda ta riga ta ci a mazaɓu, a cika mata rabin giɓin da ya rage. Alal misali, a ƙaddara jam'iyya ta samu kashi 10 cikin ɗari. Abin da ya cancance ta kujera 30 ne. Idan ta ci mazaɓu 10, giɓinta 20 ke nan, sai a ba ta 10, ko ƙasa da haka in kujerun rabo ba su isa kowa ba. Wadda kuwa ta samu kashi 40 amma ta ci mazaɓu 160, ta riga ta wuce kujeru 120 da suka cancance ta, ba ta da giɓin da za a cika.

Manyan jam'iyyu biyu ba su ɓata lokaci ba suka gano ƙofar rago. Kowace ta haifi wata 'yar jam'iyya ta jeka-na-yi-ka, wadda ba ta tsayar da kowa a mazaɓu, aka ce wa magoya baya su ba uwa takarda ta farko, su ba 'ya takarda ta biyu. Da yake 'yar ba ta ci mazaɓa ko ɗaya ba, giɓinta a cike yake, sai ta kwashi rabo. Har aron 'yan majalisa akan ba ta don sunanta ya hau saman takardar ƙuri'a. In an gama zaɓe sai ta narke cikin uwarta. An yi haka a 2020, aka maimaita a 2024. Ƙananan jam'iyyu kuma suka yi ta tsirowa da fatan samun rabo, har 38 suka shiga takarda ta biyu a 2024, tsawonta ya kai santimita 51.7, na'ura ta kasa ƙirga ta, sai da hannu. Jam'iyyar Adalci ta ma'aikata da masu neman sauyi, wadda aka zaci gyaran zai amfane ta, ta samu kujera shida a 2020, a 2024 ta tashi a tutar babu.

Jam'iyyu da Yankuna

Siyasar ƙasar ta kasu gida biyu. Akwai masu ra'ayin riƙau, waɗanda suka fi karkata ga manyan kamfanoni, da ƙawance da Amurka, da tsaurara wa Koriya ta Arewa. Akwai kuma masu sassaucin ra'ayi, waɗanda tushensu ke cikin gwagwarmayar yaƙi da mulkin soja, suka fi son faɗaɗa tallafin jama'a da tattaunawa da Arewa. Gidajen ba su sauyawa, sunaye ne ke sauyawa kamar riga. Jam'iyyar 'yan riƙau ta amsa sunan Hannara daga 1997, ta koma Saenuri a 2012, ta sake suna a 2017, ta sake har sau biyu a 2020, ta shiga zaɓen 2024 da sunan Jam'iyyar Ƙarfin Jama'a. Abokiyar hamayyarta kuwa ta shiga da sunan Jam'iyyar Dimokuraɗiyya.

Kowane gida yana da yankinsa. Kudu maso gabas, mahaifar Janar Park da Janar Chun, inda aka fi zuba masana'antu a zamaninsu, na 'yan riƙau ne: a 2024 sun lashe dukkan kujeru 25 na birnin Daegu da lardin Gyeongsang ta Arewa. Kudu maso yamma, inda Gwangju take, ba ta manta da 1980 ba: 'yan Dimokuraɗiyya sun lashe dukkan kujerunta 28. Saboda haka inda ake yin ta ta ƙare shi ne Seoul da Incheon da lardin Gyeonggi, wurin da rabin mutanen ƙasar su miliyan 51 ke zaune. Mazaɓu 122 ne a can a 2024, 'yan Dimokuraɗiyya suka ci 102.

Darasin 2024

Yoon Suk Yeol na 'yan riƙau ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Maris 2022 da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ya tarar da majalisa a hannun 'yan hamayya. Zaɓen 10 ga Afrilu 2024 shi ne damarsa ta ƙwato ta. Amma tsadar abinci ta dami mutane, likitoci masu neman ƙwarewa kuma sun ajiye aiki tun Fabrairu don ƙin shirin ƙara gurabe 2,000 a makarantun koyon likita. Ana cikin haka shugaban ya shiga wani kanti ya ga damin albasa mai lawashi a kan won 875, ya ce farashin ya yi daidai, alhali rangwame ne na musamman, a kasuwa ta ninka haka sau da yawa. 'Yan hamayya suka mayar da albasa tutar yaƙin neman zaɓe, har Hukumar Zaɓe ta hana shiga rumfa da ita.

Da aka ƙirga, 'yan Dimokuraɗiyya da 'yar rakiyarsu suka samu kujera 175, jam'iyyar shugaba da tata 108, sabuwar jam'iyyar Cho Kuk, tsohon ministan shari'a, ta samu 12, sauran biyar suka tafi ga ƙananan jam'iyyu uku. Abin lura shi ne a ƙuri'un mazaɓu tazarar ba ta da yawa, kusan kashi 50 ne da kashi 45, amma kujeru suka zama 161 da 90. Jimillar 'yan hamayya 192, saura takwas su kai 200.

Daga nan gwamnati ta cije. Majalisa ta zartar da doka, shugaba ya hau kujerar na-ƙi. Majalisa ta shiga tsige jami'ansa, ta zabtare kasafin kuɗinsa. Daren 3 ga Disamba, wajen ƙarfe goma da rabi, Yoon ya ayyana dokar soja, irinta ta farko tun zamanin Chun. Sanarwar sojoji ta haramta zaman majalisa da harkokin jam'iyyu, jirage masu saukar ungulu suka sauke dakaru a harabar Yeouido, aka tura wasu ofishin Hukumar Zaɓe. Jama'a suka yi dafifi a bakin ƙofa, ma'aikatan majalisa suka tare hanyoyi da kujeru da tebura, wakilai da dama, har da Shugaban Majalisa Woo Won-shik, suka haura katanga. Wajen ƙarfe ɗaya na dare wakilai 190 suka hallara, 18 daga cikinsu 'yan jam'iyyar shugaban ne, dukkansu suka jefa ƙuri'ar a janye dokar. Kafin asuba aka janye ta, ba ta wuce awa shida ba. Ran 14 ga Disamba majalisa ta tsige shi da ƙuri'a 204, ran 4 ga Afrilu 2025 alƙalai takwas da suka zauna suka tabbatar baki ɗaya. A zaɓen 3 ga Yuni 2025 Lee Jae-myung na Jam'iyyar Dimokuraɗiyya ya zama shugaba da kashi 49.4 cikin ɗari.

Abin da Ya Rataya a Kan Zaɓen 2028

Na farko, zaɓen zai zo ne Lee ya kusa cika shekara uku cikin biyar, don haka hukunci ne a kan mulkinsa. Ya hau kujera jam'iyyarsa na da rinjaye a majalisa, abin da Yoon bai taɓa samu ba. Masu zaɓe za su yanke ko su bar masa wannan dama har ƙarshen wa'adinsa a 2030, ko su mayar da ƙasar ga rabuwar iko tsakanin fada da majalisa. Kowanne yana da haɗarinsa. Rabuwar iko ita ta kai ga cijewar 2024. Haɗuwarsa a hannu ɗaya kuwa tana raunana mai tsawatarwa, wannan shi ne kukan 'yan riƙau.

Na biyu shi ne makomar 'yan riƙau su kansu. Dokar sojan ta raba su tsakanin masu kare Yoon da masu ganin sai an yi hannun riga da shi. Jam'iyyar da ba ta iya cin mazaɓun Seoul da kewaye ba za ta iya kaiwa 151 ba, ko da ta share kudu maso gabas tas.

Na uku shi ne dokar zaɓen kanta. Muddin ba a toshe ƙofar jam'iyyun jeka-na-yi-ka ba, manya biyu za su ci gaba da cin tuwo da miya, waɗanda kuma ke da ikon toshe ta su ne masu amfana da ita. Haɗe da wannan akwai shatar mazaɓu. Kotun Tsarin Mulki ta yanke a 2014 cewa mazaɓa mafi yawan jama'a kada ta wuce ninki biyu na mafi ƙaranci. Da yake ƙauyuka na zama kufai, matasa na kwarara Seoul, kowane zaɓe sai an haɗe gundumomin karkara da yawa a mazaɓa guda, muryarsu na daɗa raguwa.

Na huɗu shi ne gyaran tsarin mulki. Akwai masu ganin tsarin 1987 ya tara wa shugaba iko fiye da kima, Lee kansa ya goyi bayan a koma wa'adin shekara huɗu sau biyu. Ba mai iya wannan sai da wakilai 200, watau sai an samu jam'iyya mai rinjayen da ba a taɓa samu ta hanyar zaɓe ba a ƙarƙashin wannan tsari, ko kuma gidajen biyu su sasanta.

A ƙarƙashin duka waɗannan akwai damuwar talaka: tsadar gidaje, da ƙarancin aikin kirki ga matasa, da raguwar haihuwa. A 2023 matsakaicin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a tsakanin ƙasashen duniya, a ƙarshen 2024 kuma masu shekara 65 zuwa sama suka kai ɗaya cikin biyar na jama'a. Wane ne zai biya fansho, wane ne zai shiga soja a ƙasar da ke fuskantar maƙwabciya mai makaman nukiliya? Majalisar da za a zaɓa ita za ta rubuta dokokin da za su amsa.

Kammalawa

Mun ga yadda majalisar da sojoji suka sha rufewa ta zama mai iya mayar da su bariki a dare ɗaya. Abubuwa uku ne suka haɗu: tsarin mulkin da ya rubuta ƙa'ida a fili, da wakilan da suka isa zaure a kan lokaci, da jama'ar da suka tsaya a bakin ƙofa. Da a ce zaɓen Afrilu 2024 ya bayar da wasu lambobi dabam, da wataƙila labarin Disamba ma ya sha bamban. Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ke bin zaɓen 2028 sai ya sa ido a kan dokar rabo kafin a shiga rumfa, da mazaɓun Seoul da kewaye a daren ƙirga, sa'an nan ya duba wace jam'iyya ta kai 151, ko 180, ko 200.